Waiwaye: Abin Da Muka Manta A Ƙarƙashin Kwano

Ranar Laraba 3 ga Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta sanar da sabon farashi ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Yunit ɗaya ya tashi daga ƙasa da naira 70 ya koma naira 225. A ranar ce kuma zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Kano da Sakkwato da Maiduguri ba su kai can ba, amma duk wanda ya yi azumin waccan shekara a ƙarƙashin kwano ya san abin da ya sha. Wata goma kafin nan an cire tallafin mai, litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin shekarar 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000. Janaretan da ake tayarwa don fanka kawai ya zama sai an yi shawara.

Tun daga nan wata tambaya ta fita daga ofisoshin injiniyoyi ta shigo bakin masu gina gidan iyali: kuɗin da ake ƙarawa don sa shimfiɗar tare zafi a sabon gini, suna dawowa kuwa, ko sabuwar hanyar tatsar mai gini ce? A ganina suna dawowa. Sai dai ba ko'ina a jikin gida ba, ba kuma kowane kauri ba. Amma bari mu fara komawa baya, don tambayar ta daɗe a ƙasar nan, kakanninmu kuma sun amsa ta da ƙasa.

Maginin gargajiya yana jera tubali ne, bango ya tashi da kauri daga gindi yana siranta yana hawa. In ya kai rufi sai ya ɗora azarar giginya, ya shimfiɗa asabari ko zana, ya zuba ƙasa mai kauri ya daddale, a shafe da makuba ko laso don ruwa ya zame ya bi indararo. Zafin da ya sauka kan soron da hantsi sai ya yi awoyi yana ratsa ƙasar. Kafin ya iso ciki rana ta yi sanyi. Tagogi ƙanana ne, suna can sama. Ɗakin jinka ma haka, ko da yake tasa dabarar daban ce: ciyawa tana riƙe iska a tsakaninta, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta iya ɗaukar zafi ta kai ko'ina. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano da azahar a watan Afrilu, ko ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, fatar jikinsa ta riga ta gaya masa abin da nake nufi.

Ba na cikin masu yi wa mutanen da suka rushe soro suka buga kwano kallon wawaye. Soro yana da wahalarsa. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in aka yi sakaci ruwan Agusta ya kwantar da ɗaki, wani lokaci da mutane a ciki. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. A tsakiyar bazara kuma, lokacin da dare kansa ba ya hucewa, soron yakan riƙe ɗumi har asuba, shi ya sa ake fitar da tabarmi tsakar gida ko a hau sama a kwana. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti suka samu hanyar shigowa Arewa cikin sauƙi, sannu a hankali rufin kwano ya zama shaidar cewa mai gida ya samu. Masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967. Kuɗin ƙarin albashin Udoji suka shigo aljihun ma'aikata, a 1975 kuma jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas. Daga nan bulo da kwano suka ci gari.

Mun rabu da yaɓe da yoyo, wannan gaskiya ne. Amma rufin ƙasa aiki biyu yake yi, yana tare ruwa yana tare rana, kwano kuwa na farkon kaɗai ya karɓa. Mafi yawan kwanon da ake bugawa bai kai rabin milimita ba. Aikin na biyu ba a ba kowa ba, aka bar shi a hannun fanka da wutar da ake zaton za ta zauna da araha har abada.

Ga yadda abin yake. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana. Gida mai ɗaki uku da falo zai iya samun rufi mai murabba'in mita 150. Kwano mai duhun launi yana shanye mafi yawan wannan, ya yi zafin da ya wuce digiri 60, hannu ba ya iya taɓawa. Daga nan ya riƙa feso zafin ƙasa, silin ya ɗauka, shi ma ya feso wa mutanen ɗaki. Shi ya sa za ka ga fanka tana juyi amma iskar kamar daga bakin murhu take fitowa: fanka ba ta sanyaya komai, abin da ta tarar shi take kaɗawa. Mu kuma da muke kusa da tsakiyar duniya, rana a kan kanmu take wucewa, saboda haka a gidan da ba bene ba rufi ne babbar ƙofar zafi. Bango yana biye ne daga nesa.

Kayan tare zafin da ake samu a kasuwa ba su da yawa. Akwai audugar gilashi da ake shimfiɗawa a kan silin. Akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi a kwali, da wani mai ruwan ɗorawa da ake mannawa a jikin kwano tun daga masana'anta. Akwai takardar alminiyom mai ƙyalli da ake ja a kan katako kafin a buga kwano, wadda aikinta mayar da zafin inda ya fito. Audugar da soson dabarar jinka ce aka sake wa kaya, wato tsare iska a hana ta motsi.

Lissafin da ya kamata kowane mai gini ya sani shi ne na kauri. A ƙaddara zafin da ke saukowa daga kwano ta silin zalla kashi 100 ne. Santimita 5 na audugar gilashi, a ƙiyasi, za su mayar da shi wajen 30. Ka ƙara wasu 5 ya koma wajen 17. Ka sake ƙarawa ya koma wajen 12. Kuɗin kowace shimfiɗa ɗaya ne, amma ta farko ta kori kashi 70, ta biyu 13, ta uku 5 kacal. Ta farko ba ta bukatar shawara da kowa. Ta biyu sai mai esi da zai kwana yana aiki. Ta uku kuwa, a yanayinmu, gara a kai kuɗinta wani wuri a jikin gidan.

A nan ne masu kallon bidiyon gine-ginen Turai suke ruɗewa. Can ma ba da wannan al'ada aka haife su ba. Tsadar man 1973 ce ta koya musu, Jamus ta kafa dokar tare zafi a gine-gine a 1977, sa'an nan a 1991 aka gina wasu gidaje a Darmstadt da shimfiɗa mai kusan santimita 30 a bango, waɗanda kusan ba sa bukatar abin ɗumama ɗaki. Su wannan kauri yana biyansu, don suna yin watanni waje yana daskarewa ciki yana digiri 20, dare da rana, ta kowace kusurwa. Mu abokin faɗanmu daga sama yake zuwa, kuma yana da lokacin tashi daga aiki. Wanda ya naɗe bangon gidansa a Katsina yadda ake yi a Jamus ya bar kwanonsa tsirara ya yi asarar kuɗi.

To yaushe kuɗin ke dawowa? Mai esi lissafinsa a fili yake. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya da ɗan wani abu a awa in injinsa bai huta ba. Awa 8 a rana wajen yunit 9 ke nan. Ko da farashin da aka ɗan sassauta daga baya, naira 200 da 'yan kai, kuɗin ya kusa naira 1,900 a rana, sama da 55,000 a wata, ɗaki guda. In shimfiɗar ta rage rubu'in wannan kawai, an tsira da kusan naira 14,000 a kowane watan zafi. Mai gini ya tambayi kuɗin shimfiɗar ɗakin a kasuwar garinsu ya raba, zai ga amsar da idonsa. Ita shimfiɗar kuma, in ba ruwa ya taɓa ta ba, tana nan shekaru masu yawa ba ta neman gyara. Mai shirin sa sola ma ba sai ya jira wata ya ƙare ba. Ɗakin da ba ya shan zafi ƙaramin esi ya ishe shi, ƙaramin esi kuwa farantai kaɗan da batir kaɗan yake nema, batir kuma shi ne uban tsada a harkar sola. Sau da yawa abin da aka rage a wajen mai sola ya biya abin da aka ƙara a wajen kafinta tun kafin a tare.

Amma yawancin masu gina gida a Arewa ba su da esi, ba su kuma cikin rukunin A. Shin su ma ya biya su? A nan nake ganin an fi yin kuskuren lissafi, don ana neman ribar a takardar kuɗin wuta, alhali ba can take ba. Wanda ke yanke shawarar abin da za a saya wa gini, shi ne wanda ba ya gida daga hantsi zuwa la'asar; yana kasuwa ko ofis ko gindin bishiya. Masu wuni a ƙarƙashin kwanon su ne uwargida da mai jego da jariri da tsohuwa mai hawan jini. Ba a tambayarsu ranar sayen kaya. Hanyar tsira ta da kuma ta toshe: gidajen yanzu ba su da tsakar gidan kirki, an shafe ɗan filin da ya rage da siminti, darbejiyar da ke ƙofar gida an sare ta don mota ta samu wurin tsayawa, ga sauro, ga tsoron ɓarayi da ya sa mutane da yawa ba sa iya kwana waje. Da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024, ko lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, mai esi da mai fanka duk ɗaya suka zama, sai wanda gininsa ke iya kare kansa. Ɗakin da ake iya barci a cikinsa ba wuta, ban san farashin da za a sa masa ba. In hunturu ya zo kuma shimfiɗar nan ce dai ke riƙe ɗumin ɗaki, ta rage dalilin shigo da kaskon garwashi a rufe ƙofa, abin da ya sha hallaka mutane cikin barci.

Duk da haka ga irin hirar da ake ji a wurin gini:

"Alhaji, kafin mu buga kwano, ba za a ja takardar nan ta tare zafi ba?"

"Nawa za ta ci?"

Kafinta ya faɗa.

"Haba Malam, bar ta kawai. Wa zai gan ta? A ƙara a kuɗin tayil."

Ban ga laifin Alhaji sosai ba. Gidan iyali a wurinmu da kaɗan-kaɗan ake yinsa, bana fandisho, baɗi linta, kafin a kai rufi aljihu ya rarake, mai gidan haya kuma yana ta aiko da takarda. Abin da ke ba ni haushi shi ne inda ragowar kuɗin ke tafiya. Ana ta da rufi mai tsini kamar ana jiran dusar ƙanƙara a Gusau, a cinye katako mai yawa, a lulluɓe shi da kwano baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu don shi ake yayi. A yi silin fi'ofi hawa uku da fitilu kala-kala. Duk wannan ado yana rataye ne a ƙarƙashin tanda. Da an zaɓi kwano fari ko mai hasken launi, ba a ƙara ko sisi ba, an rage zafin tun kafin ya shigo. Da an bar kafofin iska a ƙarƙashin baki da can ƙololuwa, aka sa raga saboda jemagu da ɓeraye, iskar da ta gasu tsakanin kwano da silin ta samu hanyar fita.

Akwai wani abu da masu tallar kayan ba sa faɗa. Shimfiɗar tare zafi halin kula gare ta: ka zuba ƙanƙara ta riƙe maka sanyi, ka zuba tuwo ta riƙe maka zafi. In ka tare rufi da kyau amma ka buɗe ƙatuwar tagar gilashi tana kallon yamma, ranar la'asar za ta shigo ta nan, shimfiɗar kuma ta hana zafin fita, dare ya yi ɗaki na turiri. Saboda haka aikin ba ya tafiya shi kaɗai. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, inda bakin rufi mai ɗan tsawo zai yi musu inuwa. Bangon yamma a rage masa taga, a jingina masa sito ko banɗaki ko matakala, ko a dasa masa bishiya. Tagogi su fuskanci juna don iskar dare ta ratsa ta kwashe ɗumin bango. Tagar gilashi mai zamewa da ta kori luba rabi kawai take buɗewa, mutane ba su lura da abin da suka rasa ba. Yawancin waɗannan a takardar zane ake yinsu, ba sa cin kuɗi. Tun ran gini tun ran zane.

Masu dekin nasu ya fi muni, musamman a hawan ƙarshe. Kankare yana wuni yana shan rana, ya kwana yana amayo ta. Maganinsa a samansa yake: a shimfiɗa abin tare zafin a kan dekin, ko a yi masa rumfar kwano mai iska a tsakani, ko aƙalla a shafe shi da farin fenti a riƙa wankewa bayan ƙurar hunturu.

Wannan rumfa ba sabon tunani ba ne. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya yi silin na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa yadda iska za ta riƙa wucewa tsakani. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi, kowa da aikinsa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fagen zanen gini. Kusa da mu, Mariam Issoufou Kamara ta yi gidajen Niamey 2000 a Yamai da bulon ƙasa da aka matse da inji, ta kuma yi sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, aka mayar da tsohon ɗakin karatu. Ban kawo su don in ce kowa ya koma ginin ƙasa ba. Samun maginin da ya iya bulon matse a yawancin garuruwanmu aiki ne. Na kawo su ne don a ga cewa wanda ya haɗa kwano da abin da kwano ya rasa bai koma baya ba.

Gwamnati ma ta san da maganar. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, a ciki har da tare zafi a rufi da taƙaita girman tagogi ko yi musu inuwa. Ma'aunin da ta ɗora wa rufi ya yi daidai da wajen santimita 5 ɗin nan na audugar gilashi. Ka tambayi birkila goma a bakin aiki, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin labarinta. Masu gina gidajen haya kuwa ba su da abin da zai tura su, tunda ba su za su kwana a ciki ba, ba su za su sayi yunit ba.

Wanda ya yanke shawarar sawa, akwai wuraren da ake zamewa. Farin soso yana cin wuta, hayaƙinsa guba ne, haka ma silin roba. Gobarar benen Grenfell a Landan a Yunin 2017, wadda ta ci rai 72, kayan da aka lulluɓe bangon da su ne suka yi mata tsani. Saboda haka wayoyin wuta su bi ta cikin fayif, kada soso ya kusanci fitila mai zafi ko saman kicin. Audugar gilashi ta fi aminci ta wannan fuska, sai dai tana sa ƙaiƙayi, mai shimfiɗa ta yana bukatar safar hannu da takunkumi. In ta jiƙe ta daina aiki, don haka yoyo ko kaɗan ba a yi masa haƙuri. Takardar alminiyom kuma sai fuskarta mai ƙyalli tana kallon sarari take amfani. In aka matse ta tsakanin abu biyu, ko ƙura ta rufe ta, an yi aikin banza. Mai gyaran tsohon gida da ke da silin asbesto kada ya bari a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu.

Babbar matsalar ita ce aiki ne da ake rufewa. Da zarar mai fi'ofi ya toshe allon ƙarshe, ba wanda zai sake sanin ko an shimfiɗa ko'ina, ko an bar gefe-gefe tsirara, ko ma rabin kayan ya bi dare. Tazarar tafin hannu a nan da can ta isa ta rage amfanin aikin sosai. Ƙarawa daga baya yana yiwuwa, amma sai yaro ya rarrafa ta ƙaramar ƙofar silin cikin zafin da ba a iya minti ashirin a ciki, ko a ɓamɓare abin da aka biya kuɗi aka yi. Mai gida ya nemi tsani ya hau da kansa ranar da aka gama shimfiɗa, da fitila a hannu, ya duba kusurwa-kusurwa da saman bangaye, kafin ya ba mai silin izinin rufewa.